Mindar dogon aiki ta sojan Birtaniya: me ya sa ake tara ta, kuma me ke sa mata daraja?

Lokaci-lokaci labari kan fito cewa an sayar da wata lambar yabo ta sojan Birtaniya a gwanjon Landan a kan dubban ɗaruruwan fam. Kusan kullum irin wannan labari yana magana ne a kan Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a ƙasar, wadda sau 1,358 kaɗai aka bayar da ita tun da aka ƙirƙiro ta a 1856. Mai karatu sai ya ɗauka duk wata tsohuwar minda mai hoton sarkin Ingila dukiya ce. Ba haka kasuwar take ba. Mafi yawan abin da ke shiga hannun masu tara mindodi kaya ne masu sauƙin kuɗi, kuma cikinsu akwai guda ɗaya da ke da masoyanta na musamman, wato mindar da ake bai wa sojan da ya daɗe yana aiki ba tare da ya ɓata takardarsa ba. Ita ba a samun ta da harbi ko da rauni. Shekaru ake ƙirgawa, sannan a buɗe littafin laifuffuka a duba.

Wace minda ce wannan?

Sarki William na Huɗu ne ya kafa ta a 1830. Ta azurfa ce, faɗinta milimita 36, kuma a bayanta an rubuta da Turanci cewa an bayar da ita saboda dogon aiki da kyawun hali. Tun farko ta ƙananan sojoji ce, daga farabiti zuwa kofur da saje da samanja. Sharaɗin farko shi ne shekara 21 ga sojan ƙasa, shekara 24 ga sojan doki, daidai da wa'adin da mutum ke cikawa ya cancanci fansho. A 1870 aka rage wa'adin zuwa shekara 18 ga kowa, a 1977 ya koma 15. Sauyi na baya-bayan nan da ya rikita mutane shi ne na watan Oktoba 2016, lokacin da aka buɗe ta ga hafsoshi. Kafin nan hafsa ba ya samu sai idan ya yi mafi yawan shekarunsa yana ƙaramin soja kafin a ɗaga shi. Don haka mindar da ta yi shekara 186 tana matsayin ta talakan bariki, yanzu kanar ma yana rataya ta.

Kamanninta sun sha canzawa, kuma da waɗannan canje-canje ne masu tarawa ke gane zamanin kowace guda. Ta farko ba ta da hoton sarki. Tarin makamai ne da tutoci kewaye da tambarin masarauta, zanen Benedetto Pistrucci, ɗan Italiya da ke aiki a gidan buga kuɗin Ingila. A tsakiyar tambarin akwai ƙaramar garkuwar Hanover, wata masarauta a Jamus, domin William sarkin can ne kuma. Da Sarauniya Biktoriya ta hau gado a 1837, dokar Hanover ba ta yarda mace ta yi sarauta ba, masarautun biyu suka rabu, bayan ɗan lokaci aka cire garkuwar daga mindar. Wannan ɗan tambari da bai kai farce ba shi ke raba bugun farko da na baya, kuma yana iya ninka farashi sau da yawa. A 1855 aka sauya abin ratayawa daga zoben ƙarfe zuwa maratayi mai juyawa, a 1874 aka ƙanƙantar da rubutun baya. Hoton mai mulki bai hau fuskarta ba sai zamanin Edward na Bakwai, bayan 1901. Ƙyallenta ja ne wur har tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan aka sa masa farin baki domin kada a riƙa ɗaukarsa na Victoria Cross, wanda shi ma ja ne. A 1930 aka sake mata fasali, aka manna mata sanda a sama mai nuna cewa ta sojan dindindin ce, kuma a wannan siffa take har zamanin Sarki Charles na Uku.

Abin da shekara 21 ke nufi ga sojan ƙasa

Ba za a fahimci dalilin da ya sa ake neman tsofaffin bugu ba sai an san irin rayuwar da aka yi kafin a same su. Kafin 1847 yawancin masu shiga soja a Birtaniya na rai da rai suke sa hannu. Albashin farabiti sule ɗaya ne a rana, a cikinsa kuma ake cire kuɗin abinci da na wasu kayan sawa. Bulala hukunci ce ta yau da kullum, ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1881. Giya ita ce babbar hanyar shiga laifi, kuma ita ta fi cika littafin horo na kowace bataliya.

Sai kuma cuta. Bataliyar sojan ƙasa kan yi shekara goma ko fiye a Indiya ko tsibiran Karibiyan ba ta ga gida ba. Hukumar binciken da ta ba da rahoto a 1863 kan lafiyar sojoji a Indiya ta gano cewa a cikin kowane Bature soja 1,000, kimanin 69 ke mutuwa duk shekara, akasari saboda kwalara da zazzaɓi da atuni, ba a fagen fama ba. Mutumin da ya cika shekara 21 a wannan hali, bai mutu ba, bai gudu ba, ba a gurfanar da shi gaban kotun soja an kama shi da laifi ba, ba a samun irinsa da yawa. Ko ya cika sharuɗɗan ma ba lallai ya samu ba, domin a shekarun farko mindar tana tafe da garatuti, fam 5 ga farabiti, kuma kuɗin da aka ware wa kowace runduna a shekara yana da iyaka. Kwamanda ne ke zaɓen wanda zai tura sunansa.

Gwamnati ba don tausayi kaɗai ta yi wannan tsari ba. Tana neman hanyar gyara ɗabi'ar soja wadda ba bulala ba, tana kuma son riƙe gogaggun mutane. Shi ya sa a 1836 aka ƙara da igiyar kyawun hali da ake ɗinkawa a hannun riga, kowace igiya da ƙarin kwabo ɗaya a rana. Bayan 1870, lokacin da sakataren yaƙi Edward Cardwell ya kawo tsarin gajeren wa'adi, mafi yawan sojoji suka riƙa yin 'yan shekaru a bariki su koma cikin rundunar ko-ta-kwana. Waɗanda suka zauna har shekara 18 galibi su ne saje-saje da samanjoji da makaɗan badujala da masu kula da sito, mutanen da suka riƙe bataliya a tsaye yayin da kurata ke shigowa suna fita.

Sunan da ke gefen minda

A nan ne zancen yake. Birtaniya tana da al'adar buga sunan soja a kaurin gefen mindarsa, al'adar da ta kafu da mindar yaƙin Waterloo da aka raba wa manya da ƙanana bayan 1815. Mindar dogon aiki ta bi wannan sahu: suna, muƙami, runduna, daga baya har da lambar soja, kuma a bugun farko-farko har da shekarar da aka bayar. Saboda haka babu guda biyu da suke daidai. Mai saye ba azurfa yake saye ba, domin nauyinta bai wuce oza ɗaya da 'yan kai ba. Yana sayen hanyar da za ta kai shi ga tarihin mutum guda.

Wannan ne ya sa sojan ƙasa ya fi jan hankalin masu tarawa. Har zuwa 1881 rundunonin sojan ƙasa da lamba ake kiransu, ta 24, ta 42, ta 88 da sauransu. A wannan shekara sakataren yaƙi Hugh Childers ya haɗe su, akasari biyu-biyu, ya ba su sunayen gundumomi. Ta 24, wadda Zulu suka yi wa mummunar ɓarna a Isandlwana ranar 22 ga Janairu 1879, ita ce ta koma South Wales Borderers. Da yawa daga cikin masu tarawa runduna ɗaya suke bi duk rayuwarsu, ko ta garinsu ko wadda kakansu ya yi aiki a ciki. Wasu kuma suna ƙoƙarin haɗa minda ɗaya daga kowace runduna mai lamba. Mindar dogon aiki ta dace da wannan buri fiye da mindodin yaƙi, domin ba kowace runduna ce ta halarci kowane yaƙi ba, amma kowace tana da tsofaffin da suka cika wa'adi. Akwai sojan da ya yi shekara 21 yana gadi daga Ailan zuwa Kanada zuwa Malta bai taɓa jin ƙarar harsashin abokin gaba ba, wannan minda ita ce kaɗai shaidar da ya bari.

Daga sunan sai a wuce zuwa takardu. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan tana da jerin takardun sallama na sojojin da suka karɓi fansho ta hannun asibitin tsofaffin sojoji na Chelsea, daga 1760 zuwa 1913, waɗanda masu bincike suka sani da lambar WO 97. Takarda ɗaya kan faɗi garin da aka haifi mutum, sana'arsa kafin ya shiga soja, tsawonsa, launin idonsa, ƙasashen da ya zauna da yawan shekarun kowace, sau nawa sunansa ya shiga littafin laifi, da ciwon da ya sa aka sallame shi. Rajistar mindar kanta tana ƙarƙashin WO 102. Ga ɗan leburan gona ko masaƙin da bai iya sa hannu ba sai dai ya yi alama, wannan bayani ya fi abin da ake da shi a kan yawancin fararen hular zamaninsa.

Akwai giɓi babba. A watan Satumba 1940 bam ɗin Jamus ya faɗa kan ma'ajiyar ma'aikatar yaƙi da ke titin Arnside a Landan, wuta ta cinye kusan kashi 60 cikin ɗari na takardun sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Don haka sau da yawa ya fi sauƙi a gano tarihin sojan 1860 a kan na 1916. Wata matsalar ita ce lambar soja: kafin 1920 kowace runduna tana da nata lissafin, mutum goma za su iya riƙe lamba ɗaya a rundunoni goma, ga kuma sunaye irin su Smith da Murphy da suka cika ko'ina. Ga na baya-bayan nan kuwa, tun 2021 ma'aikatar tsaro ta fara miƙa takardun aiki kimanin miliyan 9.7 zuwa Kew. Ba a buɗe fayil ɗin mutum ga kowa sai an cika shekara 115 da haihuwarsa, ko a kawo shaidar rasuwarsa. Abin da wannan ke nufi ga kasuwa shi ne mindodin zamanin George na Shida, waɗanda a da ake sayensu ba tare da labari ba, sannu a hankali suna samun takardun da za su tsaya musu.

Yadda farashi ke fitowa

Mindar dogon aiki ita kaɗai, ta ƙarni na 20, ta wani saje a runduna da ba ta yi suna ba, akan same ta a ƙasa da fam 100. Ta zamanin Biktoriya ta fi haka. Ta William na Huɗu mai garkuwar Hanover kan kai ɗaruruwan fam masu yawa. Amma waɗannan ma'aunai suna rushewa da zarar takarda ta nuna cewa mai sunan ya halarci wani sanannen yaƙi. Minda iri ɗaya, bugu ɗaya, idan ta wani ce da ya tsira daga Waterloo ko ya tsaya a Rorke's Drift, sansanin da sojojin Birtaniya ƙalilan suka kare daga harin Zulu, kuɗinta ya bar sahun 'yan uwanta.

Abu na biyu shi ne ko tana tare da sauran mindodin mutumin. Cikakken jeri, misali ta yaƙin Kirimiya da ta boren Indiya na 1857 da ta dogon aiki duk da suna ɗaya, ya fi tsada nesa ba kusa ba a kan a sayar da su ɗai-ɗai. Rabon gado ya wargaza dubban irin waɗannan jeri, kowane ɗa ya ɗauki guda. Hauhawar farashin azurfa a 1979 zuwa farkon 1980, lokacin da oza ta kusa dala 50, ta sa an narkar da mindodin azurfa masu ɗimbin yawa. Shi ya sa masu tarawa ke ɗaukar sake haɗa jerin da ya rabu a matsayin babbar nasara, wani ya yi shekaru yana bin kundin gwanjo yana neman suna guda.

Manyan gidajen gwanjon wannan kaya a Landan sun haɗa da Spink da Morton & Eden da Noonans, wanda har 2022 ake kira Dix Noonan Webb. Farashin da aka buga guduma a kai ba shi ne abin da mai saye zai biya ba, domin la'adar gidan gwanjo da haraji kan ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, sannan shi ma mai sayarwa ana cire tasa la'adar. Akwai kuma ƙungiyar masu binciken mindodi, Orders and Medals Research Society, da aka kafa a 1942, inda ake musayar sani.

Jabu da gyaran fuska

Tunda suna ne ke ɗauke da kuɗi, a kan suna ake yin maguɗi. Hanyar da aka fi sani ita ce a goge sunan asali a zana na wani da ya fi shahara. Gogewar kan rage faɗin mindar, don haka masana ke auna ta daga kusurwoyi daban-daban su ga ko ta daina zama da'ira cikakkiya. Suna kuma duba salon haruffa, domin kowane zamani da irin nasa, wani bugawa ake yi da inji, wani zanawa da hannu. Ba kowane sauyi ne zamba ba. Sojan da ya ɓatar da tasa a da yakan sayi ta wani a shagon jingina ya sa a rubuta sunansa don ya fita fareti, kuma hukuma da kanta takan gyara kuskuren harafi. Duk da haka farashi kan faɗi. Gogewa da man ƙarfe ma tana rage daraja. Sojan da ya yi alfahari da mindarsa ya goge ta kullum har fuskar sarki ta shafe, a idon kasuwa ya lalata ta, ko da yake akwai masu tarawa da suka fi son irin wannan saboda ta nuna an rataya ta.

Masu goyon baya da masu suka

A Birtaniya saye da sayar da mindar tsohon soja ko mamaci halal ne a doka, har da Victoria Cross. Amurka ta bi wata hanya, inda sayar da babbar lambarta ta Medal of Honor laifi ne. Tsohuwar dokar sojan Birtaniya ta 1955 ta haramta sayen minda ko karɓarta jingina daga sojan da ke kan aiki, ta kuma haramta rataya wadda ba a ba mutum ba da nufin yaudara. Dokar 2006 da ta maye gurbinta ba ta ɗauko wannan sashe ba. Ɗan majalisa Gareth Johnson ya kawo ƙuduri a 2016 don a hukunta masu rataya lambobin jarumta na ƙarya, amma bai zama doka ba.

Masu suka suna cewa abin da ƙasa ta bayar don girmamawa bai kamata ya zama hajar ciniki ba, wurinsa gidan iyali ko gidan tarihi na rundunar. Suna kuma nuni da tsofaffin sojojin da talauci ko kuɗin jinya ke tilasta wa sayarwa. Masu tarawa suna amsawa da cewa iyalai ne da kansu ke kawo kayan kasuwa idan zuri'a ta yi nisa, kuma gidajen tarihi suna da mindodi fiye da abin da za su iya bajewa, yawanci suna kulle a sito. A ganinsu farashi ne ya hana a ci gaba da narkarwa, kuma mai tarawa ne kaɗai zai ɓata kuɗi da lokaci ya tono labarin wani farabiti da jikokinsa ma ba su san sunansa ba. A kan mindar dogon aiki musamman hujjar masu tarawa tana da ƙarfi, domin ba ita ce gidan tarihi zai sa a gaban gilashi ba.

Akwai suka ta uku da ba a cika ji a ɗakin gwanjo ba. Shekarun da ake yaba wa mutum a kansu, a wurare da yawa shekarun mamaye ƙasashen wasu ne. Kyawun hali a nan yana nufin biyayya ga dokar bariki, ba hukunci ba ne a kan abin da bataliyar ta aikata a inda aka tura ta. A Kenya wasu tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu sun zubar da mindodinsu a zamanin boren Mau Mau na adawa da mulkin mallaka don gudun a ɗauke su 'yan koren Turawa, sai a watan Nuwamba 2023 Sarki Charles ya miƙa wa wasu daga cikinsu sababbi a Nairobi.

Inda abin ya taɓa gidajenmu

Rundunar da Lugga ya kafa a 1897, West African Frontier Force, wadda Hausa ta zama harshen aiki a bataliyoyinta na Najeriya, tana da tata mindar dogon aiki tun 1903, ta ƙananan sojoji 'yan ƙasa, mai sharaɗin shekara 18. Ita ma da suna a gefe, kuma ba a bayar da ita da yawa kamar ta sojan Ingila ba, don haka masu tarawa suna nemanta. Turawan saje-saje da aka aro daga rundunonin Ingila don horar da waɗannan sojoji kuwa ta gida suke samu. Shi ya sa a kundin gwanjo akan ga jerin wani saje mai mindar dogon aiki tare da mindar yaƙe-yaƙen Afirka, wato Africa General Service, mai sandar Arewacin Najeriya ta 1903 ko ta 1906. Ta farko tana nufin yaƙin Kano da Sakkwato da Burmi, ta biyu Satiru da Haɗejiya. Abin da kundin zai kira jeri mai wuyar samu, a Sakkwato da Haɗejiya tarihin kakanni ne da aka kashe.

Iyalan 'yan mazan jiya da ke da mindodi a adaka suna bukatar sanin bambanci ɗaya. Mindodi masu siffar tauraro na Yaƙin Duniya na Biyu da Birtaniya ta raba, har da ta yaƙin ƙasar Bama (Burma) da sojojin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka samu, ba a buga musu suna ba, kuma an yi su da yawan gaske, don haka su kaɗai kuɗinsu kaɗan ne. Abin da ke ɗaga su shi ne a same su tare da minda mai suna, kamar ta dogon aiki ko ta jarumta, da littafin sallama da hoto. Raba su tsakanin magada, ko goge su da toka, ko sayar wa maƙerin azurfa a kan nauyi, duk suna kawar da abin da ake biya dominsa. Wanda ya karanta gefen mindar da madubin ƙara girma zai ga lamba da muƙami da bataliya, kuma da waɗannan ukun ake fara neman sunan a rajistocin mindodin yaƙi na WO 100 da ke Kew, inda aka jera sojojin Afirka ta Yamma na yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 20 bataliya-bataliya.